Tsohon babur mai ƙafa uku yana ihu ba gudu: kuloci ne ko giyabos?

"Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a jihar Ohayo ta Amurka, kuma kwanan baya na sayi tsohon babur mai ƙafa uku na shiga daji, Honda ATC200S ƙirar 1985, domin zirga-zirga a gonar da nake aiki. Injin yana tashi lafiya lau. Amma idan na sa giya ta ɗaya sai ya yi ƙara ya zabura, idan kuma na kai giya ta huɗu ko ta biyar a kan tudu na danna totur, sai injin ya yi ta ihu gudun bai ƙaru ba. Wani lokaci kuma giya ta biyu tana fita da kanta. Da na saye shi na juye masa baƙin man mota da nake da shi a gida. Wani maƙwabcina ya ce giyabos ɗin ya mutu, in nemi wani injin kawai. Babur ɗin ko hannun kuloci ba shi da shi, to ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abubuwa uku ka lissafa: zabura a lokacin sa giya ta ɗaya, ihun inji ba tare da ƙarin gudu ba a manyan giyoyi, da kuma fitar giya ta biyu. Maƙwabcinka ya haɗa su wuri guda ya ɗora wa giyabos, ni kuwa ban yarda da wannan hukunci ba, domin biyu daga cikin ukun ba halin giyabos ba ne ko kaɗan. Haƙoran giya ba sa zamewa a hankali. Ko dai sun kama su ja, ko kuma su kuɓuce gaba ɗaya da ƙara. Duk inda ka ji inji yana hawa sannu a hankali alhali ƙafafu ba sa bin sa, to akwai wani abu mai aiki da gogayya da yake sulɓewa, kuma a wannan babur abin nan kuloci ne. Ta ukun ce kaɗai za ta iya kai mu cikin giyabos, ita ma ba dole ba.

Kuloci biyu ne a ciki, ba ɗaya ba

Honda ta fito da irin wannan babur a 1970 da sunan US90, wanda daga baya aka sani da ATC90, ta kuma ci gaba da ƙera su har zuwa lokacin da kamfanonin da ke ƙera irin waɗannan babura suka shiga yarjejeniya da gwamnatin Amurka a 1988 suka daina sayar da sababbin masu ƙafa uku saboda yawan haɗurra. Naka ke nan ya kai kimanin shekara 40, kuma duk wani sifirin da roba da ke cikinsa shekarunsu ke nan idan ba a taɓa canza su ba. Injinsa mai cc 192 ne, giya biyar, yana ja da sarƙa, ba shi da ribas.

Rashin hannun kuloci ba ya nufin babu kuloci. Idan ka cire murfin injin na dama za ka tarar da guda biyu. Na farko yana kan karanshaf, kuma shi ne mai kama kansa: takalma ne masu nauyi da ƙananan sifirin suke riƙe da su a tsakiya, idan injin yana silo sai su zauna a takure, idan aka ba shi wuta sai ƙarfin juyi ya watsa su waje su kama cikin wani kwanon ƙarfe su ja shi. Wannan shi ne yake ba ka damar tsayawa da giya a ciki injin bai mutu ba. Na biyun yana kan sandar shiga giyabos, kuma shi ne kulocin faranti irin na kowane babur, faranti masu fata da faranti na ƙarfe a jere, sifirin suna matse su. Bambancinsa da na sauran babura shi ne ƙafarka ce take sakin sa: duk lokacin da ka motsa sandar giya, kafin giyar ta shiga, wani ɗan ƙarfe mai gangare yana tura farantin su rabu, idan ka ɗauke ƙafa su koma su kama. Idan ka taɓa hawa babur roba-roba a gida, wannan tsarin ne dai, sai dai na nan ya fi girma. A cikin kwanon kulocin farko kuma akwai wani boris mai juyawa gefe ɗaya kawai, wanda aikinsa shi ne ya bar injin ya riƙe babur a gangara idan ka saki totur.

Wannan bayani shi ne mabuɗin binciken gaba ɗaya, saboda kowane ɗaya daga cikin biyun yana da lokacin da yake nuna ciwonsa. Kulocin takalma yana ƙara ƙarfin kamu ne gwargwadon yadda injin yake ƙara juyi, don haka rauninsa ya fi bayyana a wajen tashi: sai ka ba da wuta mai yawa kafin babur ya motsa, ko ya riƙa kakkarwa yana tashi, amma da zarar ya ɗauki gudu sai ya kama. Kulocin faranti kuwa ƙarfin sifirin ɗinsa ɗaya ne ko da yaushe, don haka yana sulɓewa ne a inda nauyi ya fi yawa, wato a babbar giya, a kan tudu, totur a danne. Abin da ka kwatanta a giya ta huɗu da ta biyar ya fi kama da na faranti. Zaburar giya ta ɗaya kuwa ta fi kama da na takalma, ko kuma silo da ya yi yawa.

Abin da za ka yi kafin ka kwance kusa ko ɗaya ta murfi

Ka fara da baƙin man da ka zuba. Duka kulocin biyu a cikin man injin suke wanka, mai ɗaya ne yake yi wa fistin da giya da kuloci hidima. Yawancin man mota na zamani, musamman mai ruwa-ruwa wanda aka rubuta Energy Conserving ko Resource Conserving a da'irar da ke bayan galan, yana ɗauke da sinadaran ƙara santsi domin rage shan fetur. Mota ba ta damu ba tunda kulocinta ba ya cikin man inji, amma farantin babur idan suka sha wannan santsi sai su daina kamawa yadda ya kamata. Abin da kake buƙata shi ne man babur mai lamba 10W-40 wanda aka rubuta JASO MA ko MA2 a jikinsa. Ka tuna da kyau: kafin ka canza man yana wannan ihun, ko bayan ka canza ya fara? Idan bayan ne, to ka kusa gano ɓarawonka.

Ka ɗumama injin, ka juye man a cikin faranti mai tsabta, ka fita da shi rana ka duba. Wannan dubawar tana faɗin abubuwa da yawa. Idan yana ƙaurin ƙuna kuma akwai baƙin gari mai laushi a ƙasa, fatar kuloci ce take cinyewa. Idan yana warin fetur kuma ya tsinke, kafireto ne yake yoyo cikin injin, kuma man da ya tsinke shi ma yana ɓata kamun kuloci. Ɗan ƙyalli mai laushi a tsohon inji ba abin tsoro ba ne. Abin tsoro shi ne gutsuttsuran ƙarfe masu kaifi da mayen ƙarfe yake ɗauka, domin waɗannan daga haƙoran giya ko boris suke fitowa. Ka cire 'yar ragar tace mai da ke bayan murfin magudanar, ka wanke ta, ka ga abin da ta tara. Bayan ka zuba man da ya dace, ka yi 'yar tafiya, idan zamewar ta ragu amma ba ta tafi ba ka sake juyewa sau ɗaya, domin farantin sukan ɗauki lokaci kafin su saki tsohon santsin.

Na biyu shi ne saitin kuloci, kuma a ganina nan ne aka fi samun matsalar a baburan da suka ratsa hannaye da yawa. A jikin murfin dama akwai wani sukuru da noti ya ɗaure shi. Injin a kashe, ka sassauta notin, ka juya sukurun zuwa dama, yadda hannun agogo yake tafiya, zagaye ɗaya, sannan ka dawo da shi hagu a hankali har sai ka ji ya fara tauri kaɗan a hannunka. Daga wannan wurin ka mayar da shi dama kwatan zagaye, ka riƙe shi da sukundireba kada ya motsa, ka ɗaure notin. Taurin da ake nufi ɗan kaɗan ne, da yatsu biyu ake jin sa, ba da ƙarfin dantse ba. Idan sukurun nan ya matse fiye da kima, wato an zarce da shi hagu bayan ya yi tauri, to farantin suna zaune a ɗan buɗe ko da ƙafarka ba ta kan sandar giya, sai su yi ta zamewa suna ƙonewa. Idan kuma ya yi sako-sako, farantin ba sa rabuwa sosai a lokacin canza giya, sai giyar ta riƙa shiga da tauri da ƙara. An taɓa kawo mini irin wannan babur an riga an yi cinikin wani injin da za a sa masa, da na ɗora sifana a notin sai na ga kan sukurun duk ya tauye saboda murɗa, an matse shi har ƙarshe. Saiti da canjin mai ne kawai suka tashe shi, ko da yake farantin sun riga sun ci wuta har sai da aka canza su daga baya.

Na uku shi ne silo. Ya kamata injin da ya yi ɗumi ya zauna a wajen juyi 1,400 a minti. Idan ya haura haka sosai, takalman kulocin farko sun fara taɓa kwano tun kana firi, don haka da ka sa giya sai babur ya zabura. Sau da yawa mai babur ne yake ɗaga silon da gangan saboda ƙaramin jet na kafireto ya toshe injin yana mutuwa, ko kuma robar da ke tsakanin kafireto da inji ta tsattsage tana shan iska, ko wayar totur ba ta komawa. Ka gyara sanadin, sannan ka sauke silon.

Kada ka manta da abin da ke bayan giyabos. Sarƙar da ta saki da sufuroket da haƙoransa suka lanƙwashe suna yin tsalle a ƙarƙashin nauyi, kuma wanda bai saba ba zai rantse giya ce take fita ta koma. Haka nan zaren da ke riƙe da ƙafar baya a jikin aksil, wato ƙananan haƙoran da ke haɗa su, yana iya cinyewa. Ka ja layi da alli daga aksil zuwa cibiyar ƙafa, da kuma daga taya zuwa rim, ka yi tafiya ka dawo ka ga ko layin ya goce. Ka kuma tura babur ɗin a firi ka tabbatar birkin baya ba ya riƙewa.

Gwaje-gwaje uku da za su raba maka gardama

Ka yi su a fili mai faɗi kuma shimfiɗaɗɗe, da hular kwano a kanka, ba kowa a gabanka, ƙafafunka a kan matakai. Ina nanata wannan ne saboda babur ɗin nan ba shi da nauyi a gaba, idan kuloci ya kama farat ɗaya yana iya ɗaga kai, kuma wanda ya sauke ƙafa ƙasa tayar baya ce take hawa ta.

Gwajin farko: injin yana silo, ka sa giya ta ɗaya amma kada ka ɗauke ƙafarka, ka riƙe sandar a ƙarshen tafiyarta. A wannan hali kulocin faranti a sake yake. Ka ɗan taɓa totur kaɗan. Idan babur ya tsaya cik, farantin suna rabuwa yadda ya kamata. Idan yana ja gaba, ba sa rabuwa, ko dai saiti, ko farantin ƙarfe sun karkace, ko ƙarfen turawar ya cinye. Sai ka bar injin ya koma silo tukuna, ka ɗauke ƙafa a hankali. Idan a daidai ɗauke ƙafar ne yake zabura, alhali silo daidai yake, to kulocin takalma ne yake kamawa tun lokacinsa bai yi ba, kuma galibi sifirin ɗinsa ne suka saki ko ɗaya ya karye.

Gwaji na biyu: injin a kashe, ka sa babbar giya, ka tura babur gaba sannan ka ja shi baya. Gaba ya kamata ka ji nauyin injin yana riƙe ka, baya kuma ya tafi sumul. Idan ya tafi sumul ta ko'ina, boris mai gefe ɗaya ya mutu, kuma za ka lura a gangara babur yana gudu kamar a firi, wanda haɗari ne a gona mai tudu. Idan ya riƙe ta ko'ina, boris ɗin ya ƙame. Idan kuwa ya saki a gaba ya riƙe a baya, wani ya taɓa buɗe wurin ya mayar da shi a juye. Waɗannan biyun na ƙarshe suna sa babur ya zabura ko injin ya mutu da zarar an sa giya.

Gwaji na uku: kana tafiya a giya ta huɗu da matsakaicin gudu, injin ya riga ya ɗauki juyi, ka danna totur gaba ɗaya. Idan ƙarar injin ta haura nan take gudun kuma ya biyo baya a makare, faranti ne. Kada ka maimaita wannan gwaji fiye da yadda ake buƙata, kowace zamewa ƙara ƙona su take yi.

Idan ya zama dole a buɗe murfin dama

Wannan aiki ne da mai haƙuri zai iya yi a gida ba tare da sauke injin ba. Ka tanadi sabon gasket, da soket na musamman mai haƙora huɗu na kwance notin kuloci, da littafin gyara na Honda na wannan ƙirar, domin a cikinsa ne za ka samu iyakar kaurin faranti, tsawon sifirin da ƙarfin ɗaurin kowane noti. Kada ka buga notin da kurfi da guduma, kuma ka duba littafin kafin ka murɗa, saboda a wasu injinan Honda na wannan dangi zaren notin na hagu ne. Lokacin zare murfin ka yi a hankali, akwai ƙananan ƙwallaye da sifirin da washa na ƙarfen turawa da sukan faɗo, ka ɗauki hoto kafin ka taɓa komai.

A kulocin takalma ka duba kaurin fatar, ka ga ko ta yi ƙyalli kamar gilashi, ka kuma shafa cikin kwanon da farce. Idan farcenka yana maƙalewa a cikin zane, sababbin takalma ba za su daɗe a kansa ba, gara a canza su tare. Sifirin ɗin a canza su gaba ɗaya, ba ɗaya-ɗaya ba. A kulocin faranti kuwa, farantin ƙarfe da suka yi shuɗi sun sha zafi. Ka ɗora kowanne a kan gilashi ka gwada tura ma'aunin tazara a ƙarƙashinsa, idan karkatar ta wuce milimita 0.2 ka yar da shi. Ka duba yatsun kwandon kuloci inda kunnuwan faranti suke bugawa: idan sun yi ƙananan ramuka jere, farantin suna maƙalewa a ciki, su ƙi rabuwa sosai su kuma ƙi kamawa sosai, kuma wannan kaɗai yana iya haifar da zamewa da taurin giya a lokaci guda. Ramuka marasa zurfi ana share su da magagari a hankali, masu zurfi sai canjin kwando. Sababbin faranti masu fata a jiƙa su cikin man injin kafin a ɗaura, a kuma sa musu sababbin sifirin, domin sifirin mai shekara 40 ko da tsawonsa ya kusa daidai ƙarfinsa ya ragu. Bayan an rufe a sake saitin sukurun nan daga farko.

Giya ta biyu

Na bar ta a ƙarshe ne saboda sau da yawa takan daina fita bayan an gyara kuloci. Giyar da ba ta shiga har ƙarshe ba dole ta fita, kuma abin da yake hana ta shiga yana iya zama kulocin da bai saki ba, ko sandar giya da ta yi sako-sako a kan zarenta, ko ta lanƙwashe tana taɓa wani abu kafin ta kai ƙarshen tafiyarta. Bayan waɗannan akwai wani ɗan hannu mai ƙaramar taya da sifirin yake dannawa a kan tauraron gangar giya, wato ƙarfe mai siffar tauraro da ke bakin gangar da take juyawa tana zaɓar giya, kuma wannan hannun ne yake riƙe kowace giya a mazauninta. Idan sifirin ɗinsa ya yi rauni ko kusar tauraron ta kwance, giyoyi daban-daban za su riƙa fita, ko ka faɗa firi a tsakanin giya biyu. Ana isa gare shi ta murfin gefe ba sai an tsaga injin ba.

Alamar da ba na son ji ita ce giya ɗaya tak, kullum ita, tana fita daidai lokacin da aka ba da wuta, wani lokaci ta koma da kanta da ƙara. Wannan yana nuna ƙusoshin gefen giyar da suke shiga ramukan 'yar'uwarta sun goge sun yi gangare, nauyi yana tura su waje, kuma kowace fita tana ƙara lanƙwasa cokalin, wato ƙarfe mai yatsu biyu da yake tura giyar yana kuma riƙe da ita. Ta biyu ce ta fi fuskantar wannan domin ita ake bugawa da ƙarfi daga ta ɗaya, musamman idan an daɗe ana hawa da kulocin da ba ya saki. Babu saiti ko mai da zai gyara wannan. Sai an sauke injin an raba shi biyu, an canza giyar mai ƙusoshi da mai ramuka tare, da cokalin, an kuma duba hanyoyin jikin gangar. Canza ɗaya a bar ɗaya ɓata kuɗi ne.

Daga nesa ba zan iya yanke maka hukunci a kan wannan ta ƙarshe ba, sai an ga man da ka juye an kuma ji halin giyar bayan gyaran kuloci. Amma game da shawarar sayen wani injin, ka sani shi ma tsoho ne mai shekarun naka, kuma ba ka san abin da ke cikinsa ba, alhali naka ka ce yana tashi lafiya. Faranti, sifirin, takalma da gasket har yanzu ana samun sababbi daga kamfanonin da ke ƙera madadin kaya, giyoyi da cokula kuwa yawanci sai na hannu daga injinan da aka wargaza, don haka ka nemi hoton ƙusoshin kusa-kusa kafin ka biya. Ka kuma karanta lambar da ke jikin injin, kada ka dogara da abin da aka rubuta a tanki, domin injinan ATC185 da ATC200 suna shiga firam ɗin juna, kuma a cikin shekarun nan mai yiwuwa an taɓa musanya naka. Idan har ta biyun ce ta lalace kuma ba ka shirya tsaga injin yanzu ba, ka daina ba ta wuta mai ƙarfi, ka wuce ta da sauri zuwa ta uku, kuma kada ka hau tudu ko ka sauko gangara da ita.